Limoniya a jikin tsofaffi: cutar da ke shigowa ba sallama

Duk mai sauraron sanarwar rasuwa a rediyo ya san jimlar nan: "ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya." Idan mamacin dattijo ne, ba a cika bin ba'asi ba. A wurin zaman makoki sai ka ji ana cewa jikin tsufa ne, ko kuma sanyi ne ya kama shi, ya yi kwana uku ba ya cin abinci, sai rai ya yi halinsa. Ajali gaskiya ne, babu mai ja da wannan. Amma ajali da sababi yake zuwa, kuma cikin sabubban da ke ɗauke tsoho a 'yan kwanaki kaɗan, limoniya, wadda wasu ke kira sanyin haƙarƙari, tana sahun gaba.

Mun saba jin sunanta a bakin masu maganar lafiyar yara. Ranar 12 ga Nuwamba da aka keɓe domin wayar da kai a kanta, kusan kullum hoton jariri ake nunawa. Da dalili kuwa, domin har yau cikin cututtuka masu yaɗuwa babu wadda ta kai ta kashe yara ƙanana. Sai dai lissafin yana da wani shafi da ba a cika buɗewa ba. Babban ƙiyasin cututtuka na duniya da cibiyar IHME ta Jami'ar Washington ke jagoranta ya nuna cewa a 2019 limoniya da sauran cututtukan da ke kama huhu irinta sun kashe mutum kimanin miliyan 2.5. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 670,000 ne a ciki. Masu shekara 70 zuwa sama kuwa sun haura miliyan 1, kusan rabin mamatan ke nan. Daga 1990 zuwa yau mutuwar yara ta ragu ƙwarai saboda rigakafi da samun magani da ingantuwar abinci. Adadin tsofaffin da cutar ke kashewa kuwa hawa ya yi, domin tsofaffin su kansu ƙaruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma biyu cikin ukunsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita za su kasance.

Ƙasashen da ke rubuta duk wanda ya kwanta asibiti su ne suka fi nuna yadda shekaru ke tura mutum bakin wannan cuta. Daga Janairun 2010 zuwa Yunin 2012, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi diddigin manyan mutanen da limoniya ta kwantar a asibitoci biyar na biranen Cikago da Nashbil. Cikin kowane mutum 10,000 masu shekara 18 zuwa 49, kimanin 7 ne take kwantarwa a shekara. Masu 50 zuwa 64, kimanin 26. Masu 65 zuwa 79, sun kai 63. Daga shekara 80 zuwa sama kuwa, 164. Haɗarin mai shekara tamanin ya ninka na ɗansa matashi fiye da sau 20. Wani binciken a birnin Luwisbil, daga 2014 zuwa 2016, ya bi waɗanda aka kwantar har bayan sallama: 13 cikin 100 sun rasu a cikin kwana 30, kusan 31 cikin 100 kuma ba su cika shekara ba. A Amurka ke nan fa, inda oksijin ba ya yankewa a tsakiyar dare. A Japan, ƙasar da tsofaffi suka fi yawa a cikin al'ummarta, limoniya ta zama ta uku cikin abubuwan da ke kashe mutane a 2011, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda take kashewa sun kai shekara 65.

A wajenmu akasarin tsofaffi a gida suke rasuwa, a yi musu sutura kafin la'asar, ba tare da likita ya rubuta sababi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na mace-mace ake yi wa rajista a yankin Afirka. Duk da haka ƙiyasin da ake da shi ya sanya Afirka kudu da Sahara cikin yankunan da mai shekara 70 ya fi fuskantar mutuwa ta wannan hanya. Mutanen Kano sun ga samfurin abin da idonsu a watan Afrilun 2020, lokacin da masu haƙar kabari suka fara kokawa da yawan gawarwaki. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona, kuma mafi yawan mamatan sun haura shekara 65. Korona ta lafa, amma hanyar da ta bi ta kashe dattawan nan tana nan a buɗe ga wasu ƙwayoyin da suka girme ta.

Can ƙarshen rassan hanyar iska, a cikin huhu, akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, ɗaruruwan miliyoyi, inda oksijin ke ratsawa ya shiga jini. Idan ƙwayar cuta ta isa can ta hayayyafa, jiki kan tura fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya. Wannan ita ce limoniya. Wurin da ya cika ba ya karɓar iska, jinin da ya bi ta nan haka zai wuce bai ɗauki komai ba, sai zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙara sauri don a cike giɓi. Matashi yana da rarar ƙarfin da zai yi wannan aiki na mako guda. Tsoho da ma da ɗan abin da ya rage yake lallaɓawa.

Ƙwayoyin da ke jawo ta suna da yawa. Shugabarsu ita ce bakteriyar numokokas, wadda aka gano tun 1881, mai nau'i fiye da 90. Ƙiyasin duniya na 2016 ya ɗora mata kusan rabin duk mace-macen limoniya da cututtukan huhu irinta. Akwai stafilokokas, akwai kilebsiyela mai yawan kama masu ciwon suga da mashaya giya da waɗanda suka daɗe a gadon asibiti. Sai dangin bairos: infuluwenza, RSV, korona, har da bairos ɗin mura ta yau da kullum. Sau da yawa aikin haɗin gwiwa suke yi. Bairos ya fara shiga ya ɗaye fatar hanyar iska, mutum ya ji kamar ya fara samun sauƙi, bayan kwana huɗu ko biyar bakteriya ta biyo baya ta kwantar da shi. Da masana suka sake duba guntayen huhun mutanen da annobar mura ta 1918 ta kashe, sun tarar akasarinsu limoniyar bakteriya ce ta ƙarasa su. Abin lura a binciken Cikago da Nashbil shi ne, duk da kayan gwaji na zamani, cikin kashi 38 na marasa lafiyar kaɗai aka iya kama ƙwayar da ta yi ɓarnar. Sauran kashi 62 an yi musu magani ba tare da an san sunanta ba.

Shi ya sa nake ganin tambayar "wace ƙwaya ce" rabin tambaya ce. Yawancin ƙwayoyin nan ba baƙi ba ne. A hancinmu da maƙogwaronmu suke zaune shekara da shekaru ba su yi mana komai ba. Wani bincike da aka yi a Kumbotso ta jihar Kano, aka wallafa a 2018, ya tarar kimanin yara 9 cikin 10 'yan ƙasa da shekara 5 suna ɗauke da numokokas a bayan hancinsu, haka ma fiye da kashi 40 cikin 100 a kowane rukunin shekaru na manya, kuma lafiyarsu ƙalau suke yawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ta ina bangon tsoho ke tsagewa.

Ta wurare da dama yake tsagewa lokaci guda. Hanyar iska tana da 'yan siraran gashi da ido ba ya gani, masu kaɗawa dare da rana suna turo majina da ƙura sama. Da tsufa kaɗawarsu kan yi sanyi, hayaƙin taba kuwa kashe su yake yi. Tari, wanda shi ne babban makamin huhu, aikin tsoka ne. Idan naman ƙirji da na ciki ya saki, haƙarƙari ya ƙage, baya ya ranƙwafa, sai tarin ya zama na fatar baki, ba ya ɗago kaki daga ƙasa. Ƙarfin huhu yana kai ƙololuwa ne a shekara ashirin da 'yan kai, daga wajen 35 kuma ya fara raguwa a hankali ko da mutum bai taɓa ciwo ba. Garkuwar jiki ma haka. 'Yar gaɓar da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ake horar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, tun bayan balaga take fara ƙanƙancewa, kafin tsufa akasarinta ta koma kitse. Saboda haka jikin tsoho yana jinkirin gane sabuwar ƙwaya, kuma martaninsa ba ya kai na da.

Amma tsagar da ta fi damuna, domin ita ce muka fi jahilta kuma ita ce ta fi zama a hannun iyali, ita ce ta haɗiya.

Hanyar abinci da hanyar iska a maƙogwaro suka haɗu. Duk haɗiya ɗaya, maƙogwaro kan ɗago, murfin hanyar iska ya rufe, numfashi ya ɗan tsaya, loma ta wuce, duk cikin ƙiftawar ido. Muna yin haka ɗaruruwan lokuta a yini, har cikin barci, ba mu sani ba. Da shekaru suka ja, wannan tsari kan fara makara. Ruwa ko yawu ya riga murfin isa, ya zurara hanyar iska. Idan mutum ya ƙware ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa, da sauƙi, jikinsa ya ji kuma ya kare kansa. Mai haɗarin ita ce ƙwarewar da ba tari, inda jijiyoyin maƙogwaro suka dushe har abu ya wuce ba su ji ba. Wani ƙaramin bincike a Japan a 1994 ya shafa wa tsofaffi wani sinadari mai alama a haƙora kafin barci, washegari aka ɗauki hoton huhunsu. Cikin waɗanda suka yi limoniya, an ga alamar a huhun kashi 71, cikin takwarorinsu masu lafiya kuwa kashi 10. Likitocin Japan sun kai ga cewa mafi yawan limoniyar da ke kwantar da masu shekara 70 zuwa sama a asibitocinsu ta wannan hanya take zuwa, har daga 2017 ƙasar ta ware mata gurbi na daban a jerin sabubban mutuwa.

To idan yawu zai riƙa gangarawa huhu da dare, abin da ke cikin yawun shi ne magana. Bakin da haƙora suka ruɓe, dasashi ya kumbura, harshe ya yi fari, matattarar bakteriya ce. Wasu likitocin haƙori a Japan sun raba tsofaffi kimanin 400 na gidajen kula da tsofaffi 11 gida biyu. Rukuni ɗaya ana goge musu baki bayan kowane cin abinci, ɗayan kuma an bar su yadda suka saba. Bayan shekara biyu, kashi 19 na waɗanda aka bari sun yi limoniya, na waɗanda ake goge wa baki kuwa kashi 11. Akasarin aikin buroshi ne da hannun mai kula. Wani binciken a Tokyo, kan masu shekara 85 zuwa sama, ya nuna kwana da haƙoran roba a baki yana ninka haɗarin. Mu da muka gaji asuwaki da kurkure baki sau biyar a yini wajen alwala, muna da abin da wasu ke kashe kuɗi su koyar. Matsalar tana farawa ne ranar da dattijo ya kwanta, hannunsa ya daina kaiwa baki. Za a wanke masa jiki, a canza masa kaya, a shafa masa mai, amma da wuya ka ga wanda ya tuna da bakinsa. Wanda haƙoransa suka zube ma yana buƙatar a goge masa harshe da dasashi da tsumma mai tsabta.

Sai maganar ɗura. Babu mai yin ta da mugunta, ƙauna ce tsagwaronta. Tsohuwa ta kwana biyu ba ta ci ba, 'yarta ta tallafo kanta tana kwance, tana cewa, "Inna, daure ki sha ko cokali biyu ne," ta ɗaga mata haɓa ta zuba koko ko ruwan magani. Ɗaga haɓa sama buɗe hanyar iska yake yi, kwanciya rigingine kuma tana sa abin ya gangara inda bai kamata ba. Idan mai jinyar tana cikin magagi, haɗarin ya ninka. Abin da ya dace shi ne a zaunar da ita sosai, a tokare bayanta da matashi, haɓarta ta ɗan sunkuya, a ba ta kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin a ƙara, sannan ta ci gaba da zama kamar rabin awa bayan an gama. Ga mafi yawansu abu mai ɗan kauri irin kunu ya fi tsinkakken ruwa sauƙin sarrafawa a baki, ko da yake ba a hana su ruwa, don bushewar jiki ma wata cutar ce. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kuwa ba a zuba masa komai a baki, a jiƙa masa leɓe kawai a nemi asibiti. Alamomin matsalar haɗiya a fili suke ga mai lura: tari a tsakiyar cin abinci, murya ta jiƙe tana gurgura bayan an sha ruwa, abinci ya maƙale a kumatu, yawu yana dalala, ko kwano ɗaya ya ɗauki awa guda.

Wannan ya fi tsanani ga wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma kowa ya san yadda hawan jini ya yi mana katutu. Kusan rabin masu shanyewar jiki suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko, kuma kimanin ɗaya cikin goma yakan yi limoniya. Haka masu cutar mantuwa ta tsufa da masu ciwon makyarkyata. Robar abinci da ake zurawa ta hanci tana da amfaninta, amma ba ta hana yawu gangarawa, don haka ba ta ɗauke wa kowa aikin tsabtace baki.

Sauran tsagogin sanannu ne: ciwon suga, raunin zuciya, ciwon ƙoda, kansa, cuta mai karya garkuwar jiki, tsohon tabon tarin tibi, taba da giya. Akwai rama, domin tsohon da ba shi da haƙori yakan koma rayuwa a kan koko da shayi, babu wake, babu ƙwai, babu nono, sai tsokar numfashi ta narke tare da ta cinya. Akwai doguwar kwanciya, irin ta wanda ya karye a ƙugu aka yi masa ɗori a gida ya yi makonni a rigingine, ƙasan huhunsa ba ya buɗewa. Akwai kuma magunguna. Maganin barci, taramadol, maganin tari mai kodin, da waɗanda ake ba tsoho mai ruɗewa don ya natsu, duk suna dusar da tari da haɗiya. Magungunan olsa irin su omefirazol, da mutane ke sha shekara da shekaru ba tare da likita ya sake dubawa ba, an danganta su da ƙarin haɗari, domin suna rage tsamin ciki da ke kashe ƙwayoyi.

To ina gaskiyar masu cewa sanyi ne? Suna da rabonsu na gaskiya. Ruwan randa ko iskar fanka ba sa ɗauke da limoniya, amma lokacin sanyi lokacinta ne. Busasshiyar iskar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, bairos ya fi daɗewa a cikinta, mutane kuma suna cunkushewa a ɗaki an toshe tagogi. Ga ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi ta lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Maris. Masu bincike da suka haɗa bayanan shekaru na birnin Yamai da gwaji a kan ɓeraye sun nuna cewa ƙura da zafi suna taimaka wa numokokas ta bar hanci ta kutsa cikin jiki. Abin da muke yi don korar sanyin ma yakan ƙara ɓarna: kaskon garwashi a ɗaki a rufe, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora kashi 22 cikin 100 na mutuwar manya ta limoniya a kan hayaƙin cikin gida. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana hura murhu da itace da kara tana iya samun huhu irin na mashayin sigari, alhali ba ta taɓa riƙe kara ɗaya ba. Babbar illar kiran abin "sanyi" ita ce maganin da sunan ke jawowa: man zafi a ƙirji, shayin citta da kanumfari, bargo biyu. Suna sanyaya rai, ba laifi, amma kwana ukun da aka yi ana jiran aikinsu su ne kwanakin da maganin asibiti ya fi amfani.

Jikoki ma suna cikin lissafi, tunda mun ga abin da hancinsu ke ɗauke da shi, kuma a gidajenmu ɗakin kaka shi ne dandalinsu. Ba wanda zai ce a raba kaka da jika. Abin da aka gani shi ne rigakafin yaro yana kare kakansa. Bayan Amurka ta fara yi wa jarirai allurar numokokas a 2000, kwanciyar tsofaffi a asibiti saboda limoniya ta ragu, har da masu shekara 85 da ba a yi wa allurar ba, domin nau'o'in ƙwayar sun ragu a hancin yara. Najeriya ta fara shigar da wannan allura cikin rigakafin yara a ƙarshen 2014. Uwar da ta kai jaririnta ya cika alluransa ta yi wa surukarta hidima ba ta sani ba.

Abin da ya sa cutar ke cin tsofaffi da yawa bai tsaya ga saurin kamuwa ba. Ɓoye kama take yi. Limoniyar matashi da hayaniya take zuwa: zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari, suka a haƙarƙari, kaki mai launin tsatsa. A jikin mai shekara tamanin ana iya rasa duk waɗannan. Jikinsa ba zafi, wani lokaci ma sanyi ƙalau. Abin da za a gani shi ne Baba ya daina cin abinci, yana yawan barci, ya faɗi a hanyar bayi, fitsari ya kufce masa, ko ya fara kiran sunan mutanen da suka daɗe da rasuwa. Sai a ce gigin tsufa ne, wani ma ya ce iska ce. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta sauka tsakanin jiya da yau ciwo ne a jiki har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma huhu da mafitsara ne wuraren farko da likita zai duba.

Akwai awo ɗaya da kowa zai iya yi da agogon waya: ƙirga numfashi na minti ɗaya cur, ana kallon ƙirji yana hutawa. Na babba mai lafiya 12 zuwa 20 ne. Idan ya haura 24 a jikin tsoho, a nemi likita a ranar. Idan ya kai 30, a tafi yanzu. Ma'aunin da likitocin Birtaniya suka fitar a 2003, wanda asibitoci da dama ke amfani da shi wajen yanke shawarar kwantarwa, abu biyar yake dubawa: ruɗewa, numfashi 30 ko fiye, faɗuwar awon jini, hawan sinadarin yuriya (dattin da ƙoda ke tacewa) a jini, da kai wa shekara 65. Shekarun kaɗai maki guda ne. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini tana da amfani a gidan da ke da tsoho: ƙasa da 92 abin zuwa asibiti ne. Sai dai a san cewa a kan baƙar fata takan nuna lamba sama da gaskiya, kamar yadda wani bincike a Amurka ya tabbatar a 2020, kuma yatsa mai sanyi ko jan farce ko baƙin lalle suna rikita ta. Idan na'ura ta ce lafiya amma ido ya ga mutum yana haki, a bi ido.

Ko an fita neman magani, akwai wani ramin. A wurinmu duk rashin lafiya maleriya ce da taifod har sai ta ƙi jin magani. A je kemis, a haɗo allurai da ƙarin ruwa da sifuro, ƙwayar nan ta kashe bakteriya, babu wanda ya ɗora abin sauraro a bayan mara lafiya. Sifuro ba ta da ƙarfi sosai a kan numokokas, sannan ita da danginta suna ɗan danne tarin tibi, mutum ya ji sauƙi na ɗan lokaci, a makara wajen gano shi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tibi, kuma a jikin tsoho yakan yi kama da limoniyar da ta ƙi warkewa. Tarin da ya wuce mako biyu, da rama da gumin dare, gwajin kaki yake buƙata, kuma gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Sallama daga asibiti ma ba ita ce ƙarshen zance ba. Kumburin da cutar ta tayar a jiki yana taɓa jijiyoyin jini. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki ya ninka kusan sau huɗu a kwana 30 na farko bayan kwanciyar limoniya ga tsofaffi. Fafaroma Francis, wanda aka yanke wa wani sashe na huhu tun yana saurayi, ya kwana 38 a asibitin Gemelli na birnin Rum da limoniya a huhu biyu, aka sallame shi ranar 23 ga Maris 2025, ya rasu ranar 21 ga Afrilu da shanyewar jiki yana da shekara 88. Nelson Mandela, da ya yi tibi a kurkuku a 1988, ciwon huhu ne ya yi ta mayar da shi asibiti har rasuwarsa a Disambar 2013. Zazzaɓi kan tafi cikin mako guda, amma kasala na iya kai wata uku zuwa shida. A wannan tsakani tsoho yana buƙatar abinci mai gina jiki, da a riƙa tayar da shi yana takawa ko da zuwa ƙofar ɗaki ne, da a ci gaba da maganin hawan jini da na suga, da komawa ganin likita ko da ya ce ya warke.

Rigakafin manya akwai shi. Allurar numokokas mai nau'i 23 tana nan tun 1983. Wani gwaji a Holan kan tsofaffi kusan 85,000, da aka wallafa a 2015, ya nuna sabuwar allura mai nau'i 13 ta rage limoniyar waɗannan nau'o'i da kimanin kashi 45, ta rage shigarsu jini da kashi 75. Ba ta rufe kowace ƙofa ba, amma ta rufe babba. A 2023 aka amince da allurar RSV ta tsofaffi, a Oktoban 2024 kuma Amurka ta sauko da shekarun allurar numokokas daga 65 zuwa 50. Ta infuluwenza duk shekara ake sabunta ta. A Najeriya tsarin rigakafi na kyauta yara da mata masu ciki ya fi fuskanta, tsoho sai dai ya biya da aljihunsa a inda ake samu, in ma ya taɓa jin labarin.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin za a iya farawa ba tare da gina sabon abu ba. Duk shekara dubun-dubatar mutanenmu, da yawansu dattawa da suka tara kuɗin kujera tsawon rayuwa, suna bi ta hannun ma'aikatan lafiya kafin tafiya aikin Hajji, ana duba su, ana yi musu allurar sanƙarau da Saudiyya ta wajabta. Limoniya tana kan gaba cikin abubuwan da ke kwantar da alhazai a asibitocin Makka da Mina, kuma duk wanda ya taɓa tarbar alhaji ya san tarin da ake dawowa da shi. Hukumomin Saudiyya suna ba da shawarar allurar infuluwenza, likitocin ƙirji na ƙasar kuma sun ba da shawarar ta numokokas ga tsofaffi da masu ciwon suga da na zuciya. Hukumomin alhazai na jihohi suna da sunayen mutanen nan da shekarunsu da cututtukansu watanni kafin jirgin farko ya tashi. Sanya allurai biyun nan cikin kuɗin kujera ga duk wanda ya haura shekara 60, a yi su makonni kafin tafiya, ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da miliyoyin da maniyyaci ke biya, kuma kariyar ta numokokas za ta bi shi gida ta yi masa shekaru.